Las Vegas: Garin da Ake Ciniki da Kalmomi Biyar

Tun jirgi bai sauka ba ake fara ganin abin mamakin. An daɗe ana shawagi bisa jajayen duwatsu da kwazazzabai, babu gona babu ruga, sai kwatsam ga gari shimfiɗe a tsakiyar hamadar Mojave, dogayen benaye na ƙyalli a jere gefen titi guda. Matafiyin, wani marubuci ɗan Kano da ya taso daga Legas ya yada zango a Atlanta, ya sauka filin jirgin sama na Harry Reid a makon farko na Yulin 2024. Bai kai ga ɗaukar jakarsa ba ya yi kiciɓis da injinan caca, jere a zauren jiran jirgi, suna walƙiya suna kiɗa. Da ya fito waje kuwa iska ta mare shi kamar an buɗe murfin tanda. Ya san zafin Afrilu a Kano, ya taɓa kwanan Maiduguri da bazara, amma wannan ya sha bamban. Ranar 7 ga watan, ma'aunin zafi ya kai kusan digiri 49, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba a tarihin garin.

Direban da ya ɗauke shi mutumin Habasha ne, kamar direbobi da yawa a Las Vegas, inda Habashawa suka yi yawan da har aka ware musu unguwa da sunan ƙasarsu. Ya tambayi baƙon ko wasa ya zo yi. Baƙo ya ce kallo ya zo. Direba ya dube shi ta madubi, ya yi dariya irin ta wanda ya sha jin wannan amsa, sannan ya kwatanta masa masallacin Juma'a da ke titin Desert Inn, ko da zai buƙata.

Da gaske kallon ya kawo shi. Ya tashi a gidan da ko ludo aka gani da kuɗi a gefe sai an sha faɗa, kuma ya san inda surorin Baƙara da Ma'ida suka ajiye caca, kafaɗa da kafaɗa da giya. Abin da ya ja shi tambaya ce ta marubuci: me mutum dubu goma suke yi da har kowannensu zai biya dala 10,000, kusan naira miliyan 15 a canjin lokacin, don ya zauna a kujera awa goma a rana yana kallon karta biyu?

Gasar poka ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da WSOP, ana yin ta ne a manyan zaurukan otal biyu da ke manne da juna, Horseshoe da Paris, a kan babban titin da ake kira Strip. Wanda ya shiga yana tsammanin hayaniyar kasuwar Kantin Kwari zai sha mamaki. Ɗaruruwan tebura ne masu koren kyalle, kowanne da mutum tara da mai rabo ɗaya, amma kusan ba ka jin muryar kowa. Abin da ke cika kunne shi ne ƙarar ƙwandalolin wasa da 'yan wasa ke murzawa da yatsu, dubbai a lokaci guda, kamar kukan gyare a daren damina. A wannan shekarar mutum 10,112 suka shiga babbar gasar, adadin da ya zarce na duk shekarun da suka gabata. An ba kowa ƙwandaloli na maki 60,000. Wanda nasa suka ƙare ya tashi ke nan, babu dawowa.

Baƙon ya tsaya bayan igiyar da ke raba 'yan kallo da 'yan wasa har ƙafarsa ta yi tsami, bai fahimci komai ba. Wani ya ƙwanƙwasa teburi, wani ya tura karta, wani ya tura ƙwandala, mai rabo ya tattara ya miƙa wa wanda ko kartarsa bai nuna ba. Sai wani ɗan kallo ya ba shi shawara: nan jami'a ce, in yana son firamare ya tafi tsohon gari.

Tsohon garin shi ne titin Fremont, inda aka yi gwanjon filayen farko ranar 15 ga Mayun 1905, lokacin da Las Vegas tashar shan ruwan jirgin ƙasa ce kawai. Jihar Nevada ta halatta caca a dokarta a 1931, shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa ta Hoover, leburori kuma suka riƙa kawo albashinsu nan. A wannan titi ne Benny Binion, wani mutumin Texas da ya baro gida da ƙura a bayansa, ya buɗe gidan cacarsa na Horseshoe a 1951. A 1970 ya tara wasu 'yan tsirarun gwanaye suka kwana biyu suna wasa, daga ƙarshe suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi Johnny Moss a matsayin zakara. Daga wannan ɗan taro aka samo gasar da yau ke cika zauruka. Ginin na nan har yanzu da sunan Binion's, ƙarƙashin doguwar rumfar fitilu da ta rufe titin tun 1995.

A wani ɗakin poka na wannan yanki baƙon ya samu wurin tsayawa kusa da ƙaramin teburi. Samfurin wasan shi ne wanda ake kira Texas Holdem, wanda gwanayen Texas suka shigo da shi garin a shekarun 1960. Karta 52 ce. Ana ba kowa biyu a kife, nasa ne shi kaɗai. Sannan mai rabo ya shimfiɗa biyar a tsakiya, na kowa da kowa: uku a tashi ɗaya, sai ɗaya, sai ta ƙarshe da suke kira kogi. Wanda ya fi haɗa kyakkyawan jeri na karta biyar daga cikin bakwai ɗin nan shi ya ci. Amma kafin a shimfiɗa ukun farko, da kuma bayan kowace shimfiɗa, ana zagayen zubi. Zagaye huɗu ke nan, kuma a cikinsu ne wasan yake. Don kada kowa ya zauna jiran karta mai kyau har gari ya waye, mutum biyu da ke hagun wani farin maɓalli suna zuba kuɗin dole tun ba su ga kartarsu ba. A wannan teburi dala 1 ce da dala 3. Bayan kowane hannu maɓallin ya matsa kujera ɗaya, dolen ta koma kan na gaba.

Idan layi ya zo kan mutum, abin da zai iya yi bai wuce biyar ba. Ko ya wuce ba tare da zuba komai ba, abin da suke cewa cek. Ko ya fara zubi, wato bet, kalmar da ba baƙuwa ba ce a kunnen duk wanda ya san shagunan cacar ƙwallo. Ko ya biya daidai abin da wani ya zuba, kol. Ko ya ɗora a kai, rez. Ko ya yar da kartarsa ya janye, fol. Ƙamus ɗin ke nan gaba ɗaya. Baƙon ya tuna kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, inda taya da albarka da sallama suka isa a sayar da bijimi. Bambancin shi ne a Wudil kowa na komawa gida da wani abu, ɗaya da sa ɗaya da kuɗi. A nan mutum ɗaya ke kwashe tukunya, kamar yadda suke kiran kuɗin da aka tara a tsakiya.

Wanda ya fara jan hankalinsa wani dattijo ne mai hular kaboyi a kujera ta bakwai, saboda kusan ba ya yin komai. A ba shi karta, ya ɗaga kusurwarta da babban yatsa, ya tura wa mai rabo. A sake ba shi, ya sake turawa. Cikin awa guda an raba kimanin hannu 30, bai shiga fiye da biyar ko shida ba. Da farko baƙon ya ɗauka tsoro ne. Sai daga baya ya gane cewa haka gwanaye suke yi a teburin mutum tara: hannu huɗu cikin biyar suna yar da shi tun ba a shimfiɗa ko karta ɗaya ba. Lissafi ne ya jawo haka. Hanyoyin da karta biyu za su iya haɗuwa a hannun mutum 1,326 ne, waɗanda ke komawa iri 169, kuma mafi yawansu tarkace ne. As biyu, wanda ya fi kowane hannu, sau ɗaya yake zuwa cikin 221. Bakwai da biyu masu alama daban kuwa, ko yaro ya san ba a fita gona da su. Janyewa kalma ce da ba ta cin ko sisi daga aljihu, amma ita ta fi nauyi a baki, domin wanda ya bar otal ya zo ya zauna ba ya son ya zama ɗan kallo. Da mugun rawa gara ƙin tashi, amma ganga na kaɗawa.

Kalma ta biyu ba a ma cika furta ta ba. Mutum ya ƙwanƙwasa teburi sau biyu da yatsa, shi ke nan ya ce cek. Sharaɗinta ɗaya ne: sai idan babu zubin da ke gabansa a wannan zagaye. Da zarar wani ya zuba, ƙofar wucewa ta rufe, saura biya, ƙari ko janyewa. Sabon shiga yana fassara ƙwanƙwasa da rauni, kuma sau da yawa haka ne. Amma ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Akwai mai wucewa don ya ga karta ta gaba kyauta, akwai mai wucewa don kada tukunya ta fi ƙarfin hannunsa, akwai kuma mai haƙa rami. Wannan na ƙarshe yana jira a zuba ne, sannan ya ɗora. A da, wasu gidajen karta a California har haramta wannan dabara suka yi, suna ganin rashin kunya ce ka nuna wa abokin zama ba ka da komai sannan ka juyo ka sare shi.

Ramin da aka fi tunawa an haƙa shi ne 'yan taku kaɗan daga inda baƙon ke tsaye, a gidan Binion, a babbar gasar 1988. Johnny Chan, haifaffen Guangzhou ta ƙasar Sin, wanda ya saba ajiye lemo kusa da ƙwandalolinsa, ya rage shi da wani matashi daga New York mai suna Erik Seidel. Chan na riƙe da jak da tara. Aka shimfiɗa sarauniya, goma da takwas. Jerinsa ya cika ke nan, takwas zuwa sarauniya, babu hannun da ya fi nasa. Seidel na da sarauniya da bakwai, wato tagwayen sarauniya, hannun da ba laifi. Da karta ta huɗu ta fito, Chan bai zuba ba, ya bari zagayen ya wuce shiru kamar mai shakka. A kogi Seidel ya tura duk abin da ya mallaka, Chan ya amsa nan take. Kambu na biyu a jere ke nan, da dala 700,000.

Zubi da biya kuwa wata mata mai gilashi a kujera ta uku ce ta koya wa baƙon, ba tare da ta san tana koyarwa ba. Tukunya na da dala 60, saura karta ɗaya a shimfiɗa, a tsakiya akwai masu alamar zuciya biyu. Wani saurayi mai jar riga ya tura dala 30. Matar ta yi shiru tana motsa leɓe, sannan ta nuna wa na kusa da ita kartarta, zuciya biyu, ta yar. Saurayin ya kwashe. Baƙon ya ga kamar ta yi asara, tunda zuciya ɗaya kacal ta rage mata ta haɗa biyar masu alama ɗaya, hannu mai ƙarfi ƙwarai.

Ga abin da leɓenta ke ƙirgawa. Masu zuciya 13 ne a karta. Tana ganin huɗu, saura tara. Kartar da ba ta gani ba 46 ce. Damarta tara cikin 46 ke nan, kusan sau ɗaya cikin biyar. A ɗaya ɓangaren, ana neman ta biya 30 don ta ci 90, wanda ke nufin sai ta ci sau ɗaya cikin huɗu kafin ta mayar da uwar kuɗi. Kaya sun fi kuɗinsu tsada, sai ta ce albarka. Da saurayin dala 10 ya zuba, da ta biya ba tare da tunani ba, domin 10 a kan 70 cin sau ɗaya cikin takwas ya wadatar. A nan baƙon ya gane cewa girman zubi ba ya zuwa da ka. Mai zubi farashi yake yanka wa abokin hamayya, yana so ko dai ya saya da tsada ko ya bar kayan. Dalilan zubi na asali biyu ne: ko kana so wanda bai kai ka ba ya biya, ko kana so wanda ya fi ka ya gudu. Zubin da ba ya yin ɗaya daga cikin biyun nan, kuɗi ne aka watsa wa iska.

Biya ita ce kalmar da ta fi daɗin faɗa, kuma ita ta fi cinye sababbin shiga. Ba ta buƙatar ƙarfin halin ƙari, ba ta da ɗacin janyewa, kuma tana kashe ƙishin son a ga abin da ke hannun wancan. Masu wasa har suna da sunan zolaya ga wanda ba ya iya cewa komai sai kol, suna kamanta shi da tashar da kowace mota ke tsayawa. Irinsa ba a yi masa burga. Jira ake yi a samu hannu mai kyau, a riƙa yanka masa farashi yana biya.

Ƙari ne ya fi yawan dokoki, kuma saurayin mai jar riga ya taka biyu cikin rabin awa. Dattijo ya zuba 20. Saurayi ya tura 20, ya dubi fuskar dattijon, ya mayar da hannu ya ƙaro 60. Mai rabo, cikin ladabi, ta mayar masa da 60 ɗinsa ta ce biya ne kawai. Ba a ƙari da zuwa biyu, domin mai yin haka yana iya auna fuskar abokin hamayya tsakanin zuwan farko da na biyu. Ko ka furta rez tun farko, ko ka tura duka a tashi ɗaya. Can kuma ya jefa ƙwandala ɗaya baƙa, mai dala 100, a kan zubin 15, bai ce uffan ba, yana nufin ƙari. Nan ma aka ce biya ne, aka ba shi canjin 85. Ƙwandala ɗaya ba magana, komai girmanta, biya ce. Akwai kuma mafi ƙarancin ƙari: bai gaza girman zubin da ya gabata ba. In an zuba 20, sai 40 ko sama. In wani ya kai shi 60, wato ya ɗora 40, mai son sake ɗorawa sai ya kai 100. A kan wannan duka, abin da baki ya furta ya zauna, ba a janye shi, kuma ba a magana sai layi ya iso. Turanci kaɗai ake yi muddin karta na hannu, don kada biyu su haɗa baki da harshen da saura ba sa ji.

Wurin zama ma magana ne. Wanda maɓalli ke gabansa shi ke magana a ƙarshe a zagaye uku na bayan shimfiɗa, ya riga ya ji ta bakin kowa. Dattijon mai hula kusan duk hannuwan da ya shiga daga nan ya shige su. Hannun da zai yar in shi ne farkon magana, shi zai ɗora da shi in shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu a zauren mai unguwa ya san amfanin bari kowa ya gama faɗin tasa.

Sai kuma ol-in, wato tura duka. Ba kalma ta shida ba ce, zubi ne ko ƙari ko biya da ya kai ƙarshen abin da mutum ke da shi a gabansa. Fina-finai sun sa mutane na zaton ana jefa makullin mota ko takardar gida a tsakiya. A teburin gaske abin da ke kan teburi kaɗai ke wasa, ba a zura hannu aljihu ana tsakiyar hannu. Kuma mai kuɗi ba ya korar talaka da yawan ƙwandala: mai 50 in ya tura duka, 50 zai iya ci daga kowane abokin karawa, abin da saura suka ƙara a sama a buɗe masa tukunya ta gefe wadda ba ruwansa da ita.

Tura dukan da ya sauya tarihin wasan burga ce tsantsa. A 2003 wani akanta ɗan shekara 27 daga Tennessee, Chris Moneymaker, wanda sunansa na gaskiya ke nan, ya samu kujerarsa a babbar gasar ta hanyar wata ƙaramar gasa ta intanet da ya shiga da dala 86. Cikin mutum 839 ya rage shi da Sam Farha, tsohon hannu haifaffen Lebanon, mai saƙale da sigarin da ba ya kunnawa. Moneymaker na da sarki da bakwai, Farha sarauniya da tara. Aka shimfiɗa tara, biyu, shida. Duka suka ƙwanƙwasa. Takwas ta fito, Farha ya zuba 300,000, Moneymaker ya kai shi 800,000, Farha ya biya. Kogi ya kawo uku, wadda ba ta amfani Moneymaker da komai ba. Ba shi da ko tagwaye. Farha ya ƙwanƙwasa, Moneymaker ya tura duka. Farha ya daɗe yana juya ƙwandaloli yana jan sa da magana, ɗan akanta ya ƙame bayan baƙin gilashi kamar gunki. Daga ƙarshe Farha ya yar da tagwayen tara, hannun da ya fi. Jim kaɗan Moneymaker ya lashe dala miliyan 2.5. Talabijin ta nuna wa duniya kartar kowa ta ƙananan kyamarori, kowane ma'aikacin ofis ya ga kansa a wannan kujera. Shekara uku bayan haka masu shiga gasar suka kai 8,773.

Burga ba hauka ba ce. Masanin lissafi John von Neumann ya nuna a littafin da suka wallafa da Oskar Morgenstern a 1944 cewa wanda ba ya burga sam ba zai samu mai biyansa ba ranar da yake da hannun gaske. Lissafinta ma a fili yake: mai zuba daidai girman tukunya da hannun wofi yana buƙatar a gudu sau ɗaya cikin biyu, mai zuba rabin tukunya sau ɗaya cikin uku.

Akwai hannu guda da baƙon bai lura da shi ba sai a dare na uku, hannun mai rabo. Duk tukunyar da ta taru, tana zare 'yan ƙwandaloli ta zura a wata kafa da ke gefenta. La'adar gida ke nan, kashi 10 cikin 100 har zuwa 'yan daloli ƙayyadaddu. Ba ta da yawa a ido. Amma ko dala 3 ce a kowane hannu, hannu 30 a awa dala 90 ke nan da ke barin teburin ba dawowa, ban da tukuicin mai rabo. Gidan ba ya wasa da kowa, ba ya burga, ba ya janyewa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A babbar gasar ma haka: cikin kowace dala 10,000, dala 9,300 ce ta shiga kyaututtuka, jimilla sama da miliyan 94. Ragowar 700 sau 10,112 ta haura miliyan 7, ta gida ce da ma'aikata. Kuma kusan kashi 15 cikin 100 na masu shiga ne kawai ke tashi da wani abu. Sauran, sama da mutum 8,500, sun koma da labari.

Da baƙon ya koma Strip a mako na biyu, zauren ya zama kufai. An kwashe ɗaruruwan tebura, an bar dandali da fitilu. Gab da a kafa teburin ƙarshe na mutum tara, inda mafi ƙarancin rabo dala miliyan 1 ne, Jonathan Tamayo, ɗan shekara 38 daga garin Humble na Texas, ya ɗaga kartarsa ya ga sarauniya biyu, hannu na uku a ƙarfi cikin 169. Wani ya yi ƙari a gabansa. Tamayo ya yar. Masu sharhi da 'yan kallo suka yi masa ca, wasu na cewa tsoro ne. Nasa lissafin shi ne a gasa ƙwandalar da ka rasa ta fi wadda ka ci tsada, tunda ta ƙarshe in ta tafi kai ma ka tafi, kuma kowane mutum da ya faɗi kafin kai ƙarin kuɗi ne a aljihunka. Ya shiga teburin ƙarshe cikin masu ƙarancin ƙwandala. Ranar 17 ga Yuli ya gama da Jordan Griff da takwas da uku, tarkacen da dattijon mai hula ba zai ko kalla sau biyu ba, ya ɗauki dala miliyan 10 da munduwar zinare. A ranar ce kuma, ɗan nesa kaɗan a kan titin, otal ɗin Mirage da aka buɗe a 1989 ya rufe ƙofofinsa.

Motar bas mai hawa biyu da ake kira Deuce ita ke haɗa Strip da tsohon gari. Da ta wuce doguwar hasumiyar Strat sai ƙyalli ya ƙare, a shiga jerin ɗakunan ɗaurin auren gaggawa, shagunan jingina da ƙananan masaukai. A ɗaya daga cikinsu, Oasis Motel, aka tsinci gawar Stu Ungar ranar 22 ga Nuwamban 1998. Yana da shekara 45. Ya ci babbar gasar a 1980 da 1981, ya sake cin ta a 1997, shekarar da aka kafa teburin ƙarshe a waje kan titin Fremont cikin zafi, ya karɓi dala miliyan 1 suka raba da wanda ya biya masa kuɗin shiga. Da yawa cikin gwanaye na cewa ba a taɓa yin mai karanta hannun abokin hamayya kamarsa ba. Rabonsa ya narke cikin watanni a cacar wasanni da ƙwaya. Kimanin dala 800 aka samu tare da shi, abokai ne suka yi karo-karon kuɗin binne shi.

A darensa na ƙarshe baƙon ya koma ƙaramin teburin. Matar mai gilashi ba ta nan. Dattijon na kujerarsa, tarin jajayen ƙwandalolinsa ya ɗan ƙaru kaɗan bisa na makon jiya. Saurayin mai jar riga, yau cikin baƙa, ya biya zubi uku a jere, ya tura sauran a kogi, aka nuna masa hannun da ya fi nasa. Ya miƙe, ya shafa aljihu, ya nufi injin cirar kuɗi da ke bakin ƙofa, inda aka jera ƙananan takardu masu lambar wayar taimakon waɗanda caca ta kama. Mai rabo ta ɗaga murya ta sanar cewa kujera ta buɗe. Mai kula da ɗakin ya dubi baƙon da ya saba gani tsaye mako biyu, ya nuna masa kujerar da hannu. Baƙon ya girgiza kai, aka kira suna na gaba a allo. Wani ya zauna, ya jera ƙwandalolinsa, maɓalli ya matsa hagu, karta ta zagayo. Dattijon ya ɗaga kusurwar tasa da babban yatsa, ya tura wa mai rabo.